Yadda Ake Bibiyar Yanayi da Lafiyar Iska a Gonar Kan Tsauni: Misalin Gembu da Kewayenta

Manomin da ke Gembu, Nguroje ko Maisamari a kan tsaunin Mambila ba zai iya dogara kacokan da hasashen yanayin da aka yi wa Jalingo ba, domin bambancin tsayi tsakaninsa da babban birnin jihar Taraba ya haura mita 1,000, kuma a bisa ƙa'ida zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau. A kan tsaunin kansa ma, gonar da ke cikin kwari da wadda ke kan tudu ba sanyi ɗaya suke kwana da shi ba, ba kuma iska ɗaya mutanensu suke shaƙa da asuba ba. Hukumar NiMet, mai kula da hasashen yanayi a Najeriya, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, yana da kyau a saurare shi, amma hasashe ne na yanki baki ɗaya. Abin da zai gaya maka ranar shuka, ranar feshi, lokacin ƙona shara da safiyar da ya kamata a bar mai asma a cikin ɗaki shi ne littafin da ka rubuta da hannunka a gonarka. Aikin ba ya wuce minti goma a kowace safiya, kuma ga yadda nake tsara shi.

KAYAN AIKI

Za ka nemi littafin rubutu mai kaurin bango da fensir, domin tawadar biro tana malala idan takarda ta sha danshi, danshi kuwa shi ne ya fi komai yawa a Mambila. Za ka nemi gorar roba ta lita ɗaya da rabi ko biyu wadda jikinta yake miƙe sambal, da rula mai alamar milimita, da wuƙa, da 'yan tsakuwa, da salatif. Sai ma'aunin zafi, kuma wanda ya fi dacewa shi ne ƙaramin nan mai batir da ke nuna zafi da danshi tare, yana kuma riƙe adadi mafi ƙasa da mafi sama na kwana guda. Idan ba a same shi ba, ma'aunin zafi na gilashi guda biyu iri ɗaya za su yi, ko da yake zafin lokacin da aka duba kawai suke nunawa, amma ban da wanda ake gwada zazzaɓi da shi, domin alamominsa ba sa sauka zuwa sanyin da za ka auna. Ragowar su ne farin kwali, man basilin, siririn ƙyalle, turaku biyu na katako, da ƙaramin akwatin katako ko kwando da za a shafa wa farin fenti.

Akwai ƙananan na'urori da ke auna ƙurar da ido ba ya gani, wadda masana ke kira PM2.5. Wanda yake da hali ya saya, ko ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi ta sayi ɗaya, amma rashinta ba ya hana aikin.

MATAKI NA 1: ZAƁEN WURI

Ka zaɓi fili a cikin gonar ko a gefenta inda babu abin da ya yi masa rumfa, sannan ka tabbata nisansa da itace ko gini mafi kusa ya kai aƙalla ninki biyu na tsayin abin. Wannan sharaɗi yana da wuyar cikawa a Mambila saboda dogayen itatuwan zaiti da aka kewaye gonaki da gidaje da su, kuma nan ne mafi yawan masu farawa suke kuskure: su kafa ma'aunin ruwa kusa da layin zaiti, itatuwan su tare ruwan da iska ta karkato da shi, ko kuma ganye ya riƙa ɗigo a ciki bayan an ɗauke. Kada kuma ka kafa shi a ƙoƙuwar tudu inda iska ta fi ƙarfi, domin tana kwashe ɗigon ruwa ta wuce da shi ta saman bakin gorar.

Idan gonarka ta taso daga fadama ta hau gangare, ka ajiye ma'aunin zafi a ɓangaren da ya fi ƙasa, tun da can ne sanyi da raɓa suke daɗewa, can ne kuma cutar ganye take fara bayyana. Da zarar ka tsai da wuri kada ka sauya shi, domin adadin bana ba zai kwatantu da na baɗi ba idan an ɗauke su a wurare dabam.

MATAKI NA 2: HAƊA MA'AUNIN RUWAN SAMA

Ka yanke gorar a daidai inda kafaɗarta ta ƙare jikin ya miƙe, ka cire murfin, ka kifa ɓangaren saman a cikin na ƙasan ya zama mazurari. Ka zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta kayar da ita, ka ƙara ruwa har ya rufe tsakuwar ya wuce lanƙwasar gindin, ka ja layi a nan. Wannan layi shi ne sifirinka. Ka manna rula a jikin gorar ta yadda sifirinta zai hau kan layin daidai, sannan ka ɗaure gorar a turke, bakinta a miƙe ba a karkace ba, ya kuma ɗan ɗara kan turken tsayi.

Kowace safiya za ka durƙusa idonka ya yi daidai da saman ruwan, ka karanta milimita nawa ya hau, ka rubuta, ka zubar da ƙarin har ruwan ya koma kan layin sifiri. A ranakun rani ruwan gindin yana ƙafewa a hankali, saboda haka sai an riƙa cika shi zuwa layin, in ba haka ba ruwan farko na shekara zai nuna ƙasa da abin da ya sauka. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta ɗaya.

Idan babu gora mai miƙaƙƙen jiki, gwangwani mai shafaffen gindi zai yi, a tsoma rula a ciki a karanta. Mai son ƙarin daidaito yana iya zuƙe ruwan da sirinji: idan faɗin bakin gwangwanin santimita 10 ne, duk mililita 8 da aka zuƙa daidai yake da kusan milimita ɗaya ta ruwan sama.

MATAKI NA 3: ZAFI DA DANSHI

Ma'aunin zafi yana buƙatar inuwa da iska mai ratsawa. Ka huhhuda akwatin ta kowane gefe, ka shafa masa farin fenti, ka kafa shi a kan turke a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a bisa ciyawa. Kada ka rataye shi a ƙarƙashin rufin kwano ko a jikin bangon kicin, domin zafin kwano da na murhu zai auna maka, ba na gonar ba.

Wanda yake aiki da ma'aunin gilashi biyu zai naɗe kan ɗaya da siririn ƙyallen auduga, ya tsoma jelar ƙyallen a cikin 'yar kwalbar ruwa, ya bar ɗayan a bushe. Idan iska a bushe take, ruwan ƙyallen yana tashi ya sanyaya ma'aunin, sai tazarar da ke tsakanin biyun ta yi faɗi. Idan tazarar ba ta wuce digiri ɗaya ba a irin sanyin safiyar tsauni, danshin iska ya kai wajen kashi 90 cikin 100, kuma wannan adadi za mu sake bukatarsa a mataki na 8.

MATAKI NA 4: AUNA ISKA DA IDO

Ka tsaya a wurin da ka zaɓa a ranar da gari ya yi garau, ka fitar da alamomi uku ko huɗu waɗanda ba sa motsi, ka san nisansu: wataƙila hasumiyar masallaci a rabin kilomita, ƙarfen sabis a kilomita ɗaya, wani tudu a kilomita biyar, wani dutse a kilomita goma. Taswirar waya tana ba da nisan, in babu ita a ƙiyasta da mitar babur. Kullum za ka rubuta alama mafi nisa da kake iya gani sarai. Ranar da ƙarfen da ke kilomita ɗaya ya ɓace, kuma ba danshi ne ya rufe shi ba, iskar ranar ta munana ƙwarai.

Dole ka rubuta abin da ya rufe alamar, domin abubuwa uku ne suke yin haka a kan tsauni, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Hazon ruwa fari ne, yana jiƙa riga da gashin ido, yana tashi idan rana ta ɗaga. Hazon ƙura yana da launin toka ko ƙasa-ƙasa, yana busar da leɓe, yana wuni ba ya tashi, rana kuma takan fito fara-fara ba ta kashe ido. Hayaƙi yana da wari, yana ɗan yin shuɗi, yana sa ido hawaye. Na farkon yana cutar da amfanin gona, biyun ƙarshe kuwa ƙirji suke kamawa.

Ka ƙara da katin ƙura. Ka yanki farin kwali kamar tafin hannu, ka shafa masa basilin kaɗan, ka rataye shi a ƙarƙashin akwatin ma'aunin zafi, ka rataye wani irinsa a ɗakin da iyali suke kwana, na uku a inda ake girki. Bayan mako guda ka cire su, ka rubuta kwanan wata, ka sa sababbi. Launin ƙasa alamar ƙura ce, baƙi kuwa alamar hayaƙi, kuma sau da yawa katin cikin gida ya fi na waje baƙi nesa ba kusa ba.

Ga mai na'urar PM2.5, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2021 ya ce matsakaicin kwana guda kada ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik. Sai dai ƙananan na'urorin nan suna ɗaukar ɗigon hazon ruwa a matsayin ƙura, saboda haka adadin da suka bayar a safiyar da hazon ruwa ya rufe gari ba abin kamawa ba ne.

MATAKI NA 5: TSARIN RUBUTU

Ka ja layuka a littafin: kwanan wata, ruwa, zafi mafi ƙasa, zafi mafi sama, danshi, alamar da aka gani, abin da ya rufe gari, inda iska ta fito, sai babban fili na bayani. Ka tsai da lokaci guda, misali ƙarfe bakwai na safe, kada ka saɓa. Ranar da ba a yi ruwa ba ka rubuta sifiri, ranar da ba ka auna ba ka ja ɗan layi, domin gurbin da aka bari fayau ba a sanin ko fari ne ko mantuwa. A filin bayani ka sa ƙarfe nawa raɓa ta bushe a kan ganye, da ranar da aka cinna wa wani tudu wuta, da ranar da tarin yaro ya tashi. Idan tafiya ta kama ka, yaron da ya iya karanta rula zai riƙe maka.

MATAKI NA 6: HUNTURU, LOKACIN DA ISKA TA FI LALACEWA

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana ɗauko ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Kafin ta iso Mambila ta rage kauri idan aka kwatanta da Maiduguri ko Kano, kuma wannan ne ya sa mutane suke ɗauka iskar tsauni lafiya lau take duk shekara. A ganina abin da ya fi ƙurar illa a wannan lokaci shi ne hayaƙin da muke tayarwa da kanmu, wato na ƙunar ciyawar tuddai da ake yi don sabon tsiro ya fito wa shanu, da na sharar gona, da na itacen girki da jin ɗumi.

Dalilin yana cikin yanayin kwari. A daren hunturu da sama ta yi tas babu gajimare, ƙasa tana saurin hucewa, iska mai sanyi kuma ta fi nauyi, sai ta gangaro daga tuddai ta taru a cikin kwari, iska mai ɗan ɗumi ta zauna a samanta kamar murfi a kan tukunya. Duk hayaƙin da aka tayar daga magariba zuwa hantsi ba ya samun hanyar hawa, sai ya shimfiɗe a daidai tsayin rufin gidaje. Za ka gane irin wannan safiya a littafinka: zafi mafi ƙasa ya faɗi sosai, ganye ba ya motsi, hayaƙin murhu ya tashi kaɗan ya kwanta a gicciye.

Abin yi a nan shi ne, kada a ƙona shara da yamma ko da asuba don wai iska ta kwanta. Kada kuma a ƙona da tsakar rana lokacin da iska ta yi ƙarfi ciyawa ta bushe ƙamas, domin wuta tana gudu a kan gangare idan ta fuskanci sama fiye da yadda take yi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, gonar zaiti kuma ba ta da wuyar kamawa. Lokacin da ya fi dama shi ne hantsi, bayan ka ga hayaƙin gidaje ya fara miƙewa sama. Ka share layin tare wuta a kewaye, ka ɗaura ƙyalle a turke ka duba shi don sanin inda hayaƙin zai nufa, ka sanar da maƙwabtan gona da makiyayan da ke kusa, in abin babba ne a gaya wa mai unguwa da arɗo. Wanda zai iya tara karan masara da ciyawa ya mai da su taki, ko ya jera su a gicciyen gangare su tare zaizaya, ya fi mai ƙonawa riba.

A cikin gida, babban haɗarin daren sanyi shi ne shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, tana iya kashe mutanen ɗaki baki ɗaya suna barci. A ɗumama ɗakin da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo. Idan an tarar da wani a galabaice a irin wannan ɗaki, a fitar da shi sarari nan take a garzaya asibiti. A safiyar da alamar kilomita ɗaya ta ɓace saboda ƙura ko hayaƙi, tsofaffi da jarirai da masu asma su jinkirta fita har gari ya buɗe, mai fita aiki kuma ya sa takunkumi nau'in N95 idan akwai, domin na ƙyalle manyan ƙwayoyin ƙura kawai yake tarewa.

MATAKI NA 7: RUWAN FARKO DA SHUKA

Damina tana riga ƙasar Hausa sauka a Mambila, takan fara tun wajen Maris ko Afrilu, amma ruwan farko yakan yi yaudara. Ƙa'idar da masana aikin gona suke amfani da ita a Afirka ta Yamma ita ce a jira sai an tara kimanin milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan a tona a ga danshi ya kai zurfin tafin hannu. Idan littafin shekarun baya ya nuna cewa bayan ruwan farko akan yi fiye da mako guda babu ɗigo, ka raba irinka biyu, kada ka zuba shi duka a shuka ɗaya. Ka kuma rubuta ranakun iska mai ƙarfi da ƙanƙara, waɗanda suka fi zuwa da hadarin farkon damina.

MATAKI NA 8: TSAKIYAR DAMINA DA CUTAR GANYE

Daga Yuli zuwa Satumba ruwa ya wanke sama, iskar waje ta kai matuƙar tsabta, sai matsalar ta koma kan danshi. Sanyin da danshin da suka sa ganyen shayi ya karɓi ƙasar Kakara su ne kuma cutar ƙunar ganyen dankalin turawa da tumatir take so. Ƙa'idar da manoman dankali suke bi a Birtaniya tana da sauƙin aro: idan aka yi kwana biyu a jere zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, danshi kuma ya kai kashi 90 cikin 100 na tsawon awa shida ko fiye a kowace rana, to cutar ta sami ƙofa. Wanda ba shi da ma'aunin danshi ya duba lokacin bushewar ganye, domin ganyen da ya kwana a jiƙe ya kai hantsi bai bushe ba ya cika sharaɗin.

A Mambila irin waɗannan ranaku suna iya jeruwa makonni, saboda haka amfanin littafin shi ne ya nuna maka farkon jerin, ka yi feshin rigakafi kafin tabo ya bayyana. Maganin feshi na mankozeb kariya yake yi a kan ganye, ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu, ruwa mai ƙarfi kuma yana wanke shi, don haka idan gorarka ta nuna an yi ruwa mai yawa bayan feshi, kariyar ta ragu. Ka bi adadin da aka rubuta a jikin ledar maganin, ka tuntuɓi malamin gona kan wanda za a riƙa musanyawa da shi. Ka yi feshi bayan raɓa ta bushe, lokacin da ƙyallen turke yake ɗan kaɗawa. Idan ya miƙe a gicciye iska ta yi yawa, idan kuma ya yi lamo hazo na kwance, ɗigon maganin zai rataye a iska ya bi gangare zuwa gidaje da rafi. Ka fara duba gonar daga ɓangaren kwari, ka juya ganye ka nemi tabo mai ruwan ƙasa da fari-farin gashi a gefensa ta ƙasa.

A wannan lokaci girki yakan koma cikin ɗaki da ɗanyen itace, shi ya sa katin kicin yake yin baƙi ƙirin alhali na waje fari ne. A tanadi busasshen itace tun rani a ƙarƙashin rumfa, a buɗe kafar hayaƙi a saman bango, kada kuma a goya jariri a bakin murhu. Idan gorar ta cika kwana da kwanaki a jere, mai gida ko gona a gindin gangaren da aka yanka ya riƙa duba tsagewar ƙasa da karkatar itatuwa, domin su ne alamun zaftarewa.

MATAKI NA 9: SHANYA DA AJIYA

Masara takan nuna tun ruwa bai ɗauke ba, kuma hatsin da aka ajiye da danshi yana yin fumfuna mai guba. Ka riƙa duba ma'aunin danshi ka ga awannin da danshi ya fi sauka, yawanci daga hantsi zuwa azahar, ka shanya a kan tamfol ko gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa, ka kwashe kafin hazon yamma ya sauko. Don gwaji, ka zuba cokali biyu na busasshen gishiri da ɗan hatsin a cikin busasshiyar kwalba, ka rufe, ka girgiza na minti ɗaya, ka bar ta ta ɗan zauna. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai isa shiga buhu ba.

MATAKI NA 10: HAƊA LISSAFI

A ƙarshen kowane wata ka tara milimitocin ruwa, ka ƙirga ranakun ruwa, ranakun ƙura da ranakun hayaƙi, ka rubuta su a shafin ƙarshe na littafin, ka manna katunan watan a kan takarda bi da bi. Shekara ɗaya ba ta isa a ce yanayi ya sauya ba, amma daga shekara ta uku za ka fara ganin makon da ruwa ya saba kankama da makon da cutar ganye ta saba shigowa gonarka. Idan akwai maƙwabci mai gona a kan tudu kai kuma kana kwari, ku riƙa aunawa a ƙarfe ɗaya kuna kwatanta littattafanku a ƙarshen wata, sannan ku ba malamin gona na yankinku kwafin jimillar.